Sau biyu ake yankar kuɗin da muke turowa gida

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Wata abokiyar aikina 'yar ƙasar Filifin ce ta jawo wannan rubutu. Tare muke aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Ingila. Ranar albashi, muna hutun rana, ta ɗauko waya ta tura wa mahaifiyarta kuɗi, kafin mu koma bakin aiki tsohuwar ta kira ta ce sun shiga. Ladan da aka cire mata bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa da yamma na je shagon tura kuɗi, na bi layi, aka ce in kawo fasfo da takardar albashi, wa zan tura wa, me ya haɗa mu, sai ka ce na zo da kuɗin sata. Bayan wannan titsiye, abin da aka zaftare mini ya ninka nata, ga wata yankar a ɓoye cikin farashin canji.

Ba ni kaɗai abin ya dama ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna tura dala 200 yakan ci kusan kashi 6 cikin 100 a faɗin duniya, amma zuwa Afirka kudu da Sahara ya kai kusan kashi 8, babu inda ya fi tsada. Majalisar Ɗinkin Duniya na son a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030, muna nan muna jira. Kuma kuɗin ba na wasa ba ne: a 2023 'yan ci-rani sun tura wa ƙasashe masu tasowa sama da dala biliyan 650, kusan ninki uku na agajin ƙasashe masu arziki.

Yanka ta biyu ita ta fi ciwo, don a gida ake yin ta. Abokiyar aikin nan tawa ta nuna mini lissafin da ƙanwarta ke aiko mata duk wata: kuɗin makaranta, maganin hawan jinin uwa, bulo nawa aka ƙara a gini. Mu fa? "An gode, Allah Ya ƙara buɗi." Sati bai zagayo ba, "Yaya, wallahi sun ƙare." Ka tambayi inda suka shiga, ka zama mai gori, wai ka je Turai ka koyo rowa. Babu mai tuna cewa aikin dare ne ya haifi kuɗin nan. Wasu kuwa sun ga amfanin kuɗin 'yan ci-raninsu: 'yan Meziko da ke Amurka sun taɓa samun wani shiri daga 2002, duk abin da ƙungiyoyinsu suka tara don raya garuruwansu, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce ta zuba kwatankwacinsa, aka yi hanyoyi da ruwan sha.

Ina kewar ku, Allah Ya sani, kuma in Inna ta sa mini albarka a waya gajiyar wata guda takan kau. Rabonta ba zan taɓa ba. Amma daga watan nan kuɗin makarantar yara kai tsaye zan riƙa biya a asusun makarantar, mai jin haushi ya ji.