Ƙwallon duniyar nan mai ɓarewa gida biyu, a saya ko a bari?

Malamai ƴan uwana masu tambaya kan ƙwallon duniyar nan da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta, wanda ake ɓarewa a ga cikin ƙasa, to a saya, amma fa da sharaɗi. Na soso ne mai tauri, hannu biyu ya ishe shi, waje taswira ciki launi huɗu, sannan a kwalin akwai gutsattsarin nahiyoyi masu maganaɗisu da wani ɗan kati.

Nahiyoyin nan su ne kuɗin gaskiya. Ka miƙa wa yaro Afirka da Kudancin Amurka ka yi shiru, da kansa zai tura ƙusumbin Brazil cikin lungun nan da gaɓar Najeriya da Kamaru suke, sai ka ji aji ya kaure da "kai Malam ai sun shiga!" kuma daga nan labarin Alfred Wegener ba ya wahala, Bajamushen da ya ce tun 1912 nahiyoyin nan a haɗe suke da, ya kawo hujjar ƙasusuwan wata dabba Mesosaurus da ake tonowa a Brazil da kudancin Afirka alhali ba ta iya ƙetare teku, amma aka yi ta masa dariya don ya kasa faɗin me ke tura su, har ya mutu a ƙanƙarar Greenland a 1930, sai bayan 1960 da aka auna ƙasan teku aka yarda da shi. Ni a nan nake sako musu kwarin Binuwai, don lokacin da tekun Atlantika ke buɗewa sama da shekara miliyan 100 da suka wuce tsagar ta yi reshe ta shigo ta nan, sai reshen ya tsaya bai zama teku ba. Yaran Yola kam ba sa manta wannan.

Cikin ne ya ɓata min rai. Ɓangaren mantul, wato sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, sun fente shi ja wur kamar garwashi, duk yaron da ya gani cewa yake ruwan wuta ne muke zaune a kai, alhali dutse ne daskararre, motsi dai yake a hankali, santimita ƙalilan a shekara. Mai ruwan shi ne na ƙasansa, narkakken ƙarfe da ke farawa wajen kilomita 2,900, shi ke ba duniya maganaɗisunta, can tsakiya kuma ƙarfen ya sake daskarewa saboda dannewa, wata baiwar Allah ƴar Denmark Inge Lehmann ce ta gano haka a 1936 daga bayanan girgizar ƙasa. Ɓawon saman ma sun ƙara masa kauri sosai. Daga nan zuwa cibiya kilomita 6,371 ne fa, ɓawon ko a ƙarƙashin manyan duwatsu bai cika wuce 70 ba, ramin da Rashawa suka haƙa a Kola kuwa kilomita 12 da ɗan wani abu ya tsaya, ko ɓawon bai huda ba. In ba ka gyara wannan da baki ba to ƙwallon zai koyar da ƙarya.

Katin na iskar duniyoyi ne, rubutu ƙanana da Turanci zalla, abu ɗaya na tsinta a ciki, cewa iskar Zara matar wata kashi 96 kabon dayoksaid ce, zafinta ya haura digiri 460. Sauran a duba littafi kawai.

Fentin ba ya son gumin hannu, Ostareliya tawa ta fara koɗewa, ƙurar hunturu kuma shiga soson take ta zauna, sai a riƙa mayar da shi leda. Kuɗinsa ya ɗan yi sama wa mai siya wa gida, makaranta dai ɗaya ya ishi aji. Kuma kafin ku biya ku buɗe kwalin a gaban mai shago ku ƙirga nahiyoyin, ku gwada kowanne ya manne, nawa Indiya ta zo babu maganaɗisu a bayanta sai da gam na liƙa mata.