Power Probe III wajen binciken wutar ajiya ta ƙwaƙwalwar giya: inda yake da amfani da inda yake yaudara

Ƙwaƙwalwar giya, wato TCM, tana samun wuta ta hanya biyu. Ɗaya sai an murɗa makulli take zuwa, ɗayar kuma daga batir take fitowa kai tsaye ta ƙaramin fiyus, galibi mai amp 7.5 ko 10, ba ta yankewa ko mota na kashe. Wannan ta biyun ita ce wutar ajiya, kuma a motoci da yawa ita ke riƙe abin da ƙwaƙwalwar ta koya game da lokacin sauya giya. In ta samu matsala sai giya ta riƙa dukan mota, ko ta maƙale a ta uku, sikana kuma ta nuna lambar matsala P0880, P0882 ko P0884, wani lokaci har da U0101, ma'ana sauran ƙwaƙwalen ba sa jin ta giya gaba ɗaya. P0700 kaɗai ba ya faɗin komai, nuni ne kawai cewa a shiga ɓangaren giya a karanta.

Power Probe III na'urar gwaji ce 'yar Amurka da ake maƙalawa a kan batir, tana aiki da volt 12 zuwa 24. Wayarta ta kai mita 6, ga ƙarin waya, don haka ana isa ƙarƙashin dashbod ba tare da neman inda za a kama bodi, wato nagatif, ba. A nan ta fi mitar awon wuta (multimeter) nesa ba kusa ba. Da hannu ɗaya za ka taɓa kai biyu na kowane fiyus, fitila ja ta kama in akwai wuta, kore in bodi ne, allon kuma ya nuna adadin volt. Akwatin fiyus gaba ɗaya ba ya ɗaukar minti biyar.

A fara da batir tukuna: volt 12.4 zuwa 12.6 mota a kashe, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa, 13.5 zuwa 14.5 in injin na aiki. Na'urar tana da tsarin riƙe mafi ƙarancin volt da ta gani, kuma wannan ne mafi darajar abin da ke cikinta ga wannan aiki. A cire makulli, a sa bakinta a bayan soket na TCM a kan wayar ajiya, sannan a bi damin wayoyi ana girgizawa daga akwatin fiyus har zuwa soket. Ko wutar ta ɗauke na ɗan ƙiftawar ido, lambar za ta tsaya a allo. Haka ake kama P0884, wanda ke zuwa ya tafi ya bar ɗan rewaya da zargin giyabos.

Sai dai tana yaudara a wuri guda. Ba ta jan wuta daga layin da take aunawa, saboda haka waya da ta ci tsatsa, saura sili ɗaya, za ta nuna 12.5 da jar fitila kamar lafiya lau. Maganinsa kwan fitilar birki mai wat 21, wanda ke jan kusan amp 1.75. A zare soket na TCM, a haɗa kwan tsakanin fil ɗin wutar ajiya da fil ɗin bodi, a sake aunawa kwan yana ci. Bambancin da ya wuce volt 0.5 tsakanin batir da fil ɗin yana nufin akwai tsatsa ko sakakken fil a hanya. A ɓangaren bodi kuwa, duk abin da ya haura volt 0.2 a kwance kusar da ta ɗaure wayar a jikin mota a goge wurin. Kamfanin bai sa irin wannan kwan a akwatin ba, kuma ya kamata a ce ya sa.

Haɗarin yana maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsa. Tura shi gaba, bakin ya fitar da wutar batir. Ja shi baya, ya zama bodi. Katsewar kariya da ke ciki sai a amp 8 take aiki, alhali layin firikwensin mai volt 5 ko wayoyin CAN, waɗanda ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta cikinsu, sun ƙone tun kafin nan. Kada a danna shi matuƙar soket na jikin ƙwaƙwalwa, kuma kada a taɓa fil ba tare da zanen wayoyin wannan motar takamaimai ba, don launin waya yana canzawa daga shekara zuwa shekara.

Abubuwa biyu ba na'ura ke gano su ba, ido ne. Masu sa tiraka da rediyo suna son satar wuta daga wayar da ba ta yankewa, su naɗe da salatif, wurin ya yi kore bayan damina ɗaya. A Mercedes mai giya 722.6 kuma, man giya kan zubo ta soket ɗin giyabos ya bi cikin wayoyi har ya isa ƙwaƙwalwar. In ka buɗe ka ga mai, sai an canza wannan soket ɗin kafin komai.

Ga ɗan rewaya da ke wannan aiki kullum, kuɗinta halal ne, amma a kula da jabu a kasuwa. Mai mota da ke son duba fiyus ɗinsa kawai, mita da kwan fitila sun ishe shi.