Mai riwaya na Ƙofar Ruwa ya san aiki

Jama'a in mota ta ƙi tashi, kun murɗa makulli ƙas-ƙas kawai kuke ji, ku nemi yaron nan mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, a Ƙofar Ruwa. Corolla ta ce ta min haka, wani har ya ce sai na sayi sabon kik, wato abin da ke tayar da injin, shi kuwa mita ya fara ɗorawa a batir, ta nuna 12.6 wato batir lafiya lau, ya duba fiyus da rilai, ashe kan batir ne ya yi farin gishiri ga wayar bodi, wadda ke haɗa batir da jikin mota, ta saki. Ya kankare ya ɗaure, bugu ɗaya ta tashi. Matsalar wajen dai layi, ga ba inuwar zama wallahi, gara ku je da sassafe.