Tallafin Hubble na NASA: Shekara Uku na 'Yancin Bincike da Wuyar Samunsa

Ga wanda ya kammala digirin digirgir a ilimin taurari, shekarun da ke biyo bayan kare kundi su ne mafi wuyar sha'ani, domin ya fita daga sahun ɗalibai, amma bai shiga sahun malaman jami'a masu kujerar dindindin ba. Abin da aka saba shi ne ya nemi aiki a ƙarƙashin wani farfesa da ke da kuɗin bincike, ya shafe shekara biyu ko uku yana tace bayanai a kan tambayar da maigidan nasa ya zaɓa. Tallafin Hubble, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke ɗaukar nauyinsa, an gina shi ne a kan akasin haka, kuma wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa ake kallonsa a matsayin ɗaya daga cikin manyan guraben da matashin masanin taurari zai iya samu a duniya.

An fara shirin a 1990, shekarar da aka harba na'urar hangen nesa ta Hubble zuwa sararin samaniya, kuma cibiyar da ke kula da ayyukan kimiyyar na'urar a birnin Baltimore ita ce ke gudanar da shi. Daga 2018 aka haɗe shi da wasu tallafi biyu da a da suke cin gashin kansu, wato na Einstein da na Sagan, suka koma shiri guda mai rassa uku. Reshen Einstein ya shafi yadda sararin halitta ke aiki, kamar baƙaƙen ramukan da ko haske ba ya kuɓuce musu da kuma fashewar manyan taurari. Reshen Hubble yana bin asalin taurari da tarin taurari, da yadda aka yi suka kai ga siffarsu ta yau. Reshen Sagan kuwa ya duƙufa ne a kan duniyoyin da ke kewaya wasu taurarin ban da ranarmu, da tambayar ko akwai rai a wajen wannan duniya. Cibiyar kula da na'urar hangen nesa ta Chandra da ke Cambridge a jihar Massachusetts da cibiyar NASA ta nazarin waɗancan duniyoyi da ke jami'ar Caltech a jihar California suna da hannu a tafiyar da shirin.

Abin da wanda aka zaɓa yake samu shi ne albashi na tsawon shekarun da za su iya kai wa uku, da inshorar lafiya, da kuɗin ƙaura, da wani kaso na musamman don tafiye-tafiyen taro da sayen kwamfuta da biyan kuɗin buga maƙala. Duk waɗannan suna da kyau, amma ba su ne ƙashin bayan shirin ba. Ƙashin bayansa shi ne mai nema da kansa yake rubuta tsarin binciken da yake son yi, shi ne kuma yake jera jami'o'i ko cibiyoyi uku na Amurka da yake son zama a cikinsu, bisa tsarin wadda ya fi so. Kuɗin na bin mutumin ne, ba na farfesan da ya karɓe shi ba, saboda haka malamin da ke cibiyar mai ba da shawara ne kawai, ba shi da ikon ɗora masa aikin da bai shafi bincikensa ba. Ba a wajabta masa koyarwa, ba a kuma wajabta masa gadin na'ura da dare. Idan aka kwatanta da tallafin hukumar nazarin taurari ta ƙasashen Turai, ESO, za a ga girman wannan sassauci, domin a can wanda aka tura Chile yana ba da kusan rabin lokacinsa ga hidimar na'urorin hukumar, kamar waɗanda ke Paranal a hamadar Atacama. Wannan hidima tana koyar da aikin hannu da babu littafin da zai koyar da shi, kuma ga mai son zama gwanin na'ura ita ce ta fi, amma ga mai wata tambaya guda da ta hana shi barci, shekara uku ba tare da mai katse shi ba abu ne mai matuƙar daraja.

A ganina wannan 'yanci ba gata ba ne kawai, hanya ce ta aiki da ta tabbatar da amfaninta. Andrea Ghez, wadda ta samu rabon kyautar Nobel ta kimiyyar lissafin halitta (physics) a 2020 saboda bin diddigin taurarin da ke kewaya baƙin ramin tsakiyar tarin taurarinmu, ta riƙe tallafin Hubble a Jami'ar Arizona a farkon shekarun 1990. Ba za a ce tallafin ne ya ba ta kyautar ba, sai dai irin mutanen da shirin ke farauta ke nan, masu ƙarancin shekaru a fagen da ke da niyyar bin hanyar da manya ba su riga sun share ba.

To, sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Mutum 24 ake ɗauka a mafi yawan shekarun baya-bayan nan, alhali masu nema a 2024 sun haura 500, abin da ke nufin cikin kowane mutum ashirin da wani abu, ɗaya ne ke dacewa. Ana rufe karɓar takardu a kusan farkon Nuwamba, sakamako kuma yana fitowa a farkon Fabrairu, wanda ya yi daidai da ƙa'idar ƙungiyar masana taurari ta Amurka cewa kada a tilasta wa mai neman irin wannan gurbi ya ba da amsa kafin 15 ga Fabrairu. Wannan ƙa'ida ta yi mini daɗi ƙwarai, domin tana hana cibiyoyi yi wa matasa ƙawanya da tayin gaggawa kafin su ga abin da ke hannunsu gaba ɗaya.

Inda nake da babban ƙorafi shi ne wajen waɗanda shirin ke kaiwa gare su a aikace. A rubuce, ɗan kowace ƙasa yana iya nema muddin bai daɗe da samun digirinsa ba, kuma babu sharaɗin cewa sai ya yi karatu a Amurka. Amma abin da ake auna mutum da shi ya haɗa da jerin maƙalun da ya buga da wasiƙun shaida uku daga manyan masana, kuma kowa ya san wasiƙar wanda alƙalai suka sani ta fi ta wanda ba su taɓa jin sunansa ba nauyi, ko da kuwa ɗalibin na biyun ya fi hazaƙa. Ɗalibin da ya yi digirinsa a inda babu babbar na'ura, babu kuɗin zuwa taron ƙasa da ƙasa, yana shiga gasar ne da rauni tun kafin a karanta tsarin bincikensa. Ita kanta cibiyar ta Baltimore ta san tasirin suna a kan hukunci, shi ya sa tun 2018 ta riƙa ɓoye sunayen masu neman lokacin amfani da na'urar Hubble daga idon masu tantancewa. Wajen zaɓen mutum kuwa, wasiƙa da tarihin aiki ba sa ɓoyuwa. Kwamitin da NASA ta kafa ya duba shirin a 2021 ya taɓo batun faɗaɗa wakilci da kuma yadda zaɓaɓɓu ke taruwa a 'yan tsirarun manyan jami'o'i, duk da cewa akwai iyaka a kan adadin da cibiya ɗaya za ta karɓa.

Sharaɗin zama a Amurka shi ma ba ƙaramin cikas ba ne, tunda tallafin ba ya bin mutum zuwa wata ƙasa. Wanda ya yi nasara daga waje sai ya nemi biza, kuma wannan ba a hannun NASA yake ba. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, saboda haka masanin da ke ɗauke da fasfon ɗayansu zai iya cika kowane sharaɗin ilimi, hanya ta toshe masa a ofishin jakadanci. Haka kuma shekara uku gajeru ne ga mai iyali, domin tun a shekara ta biyu ake fara neman aiki na gaba, kuma tallafin ba ya ɗauke da alkawarin kujerar dindindin a ƙarshensa.

Ga matashin masani daga Afirka, shawarata ita ce ya nema, amma kada ya rataya dukkan fatansa a kansa. Bayanan da Hubble da na'urar James Webb, wadda aka harba a Disamban 2021, suka tara suna cikin rumbun cibiyar ta Baltimore, kuma bayan wa'adin da ake ba masu binciken farko kowa yana iya sauke su kyauta ta intanet, don haka ana iya gina maƙala mai ƙarfi tun daga gida kafin a nemi gurbi. Afirka ta Kudu kuma, inda aka ƙaddamar da na'urar rediyo ta MeerKAT mai faranti 64 a 2018, inda kuma ake gina wani ɓangare na babbar na'urar rediyo mai suna SKA, tana ba da nata tallafin na bayan digirin digirgir. Shekara biyu a Cape Town tare da masu aiki da MeerKAT suna iya samar wa mutum maƙalun da masu ba da shaidar da kwamitin Hubble zai saurara, matuƙar ya lissafa lokacinsa da kyau don kada wa'adin cancantarsa ya wuce kafin ya miƙa takardunsa.