Tankin motar ko tanki daban, da kuma inda hayaƙin zai bi

Malam, ka tambaya ko daga tankin mota za ka ja wa injin wankin da za a ɗaura cikin bas ɗinka mai, ko tanki daban za ka sa masa, da kuma inda hayaƙinsa zai bi. Tunda injin wankin kafet ɗin da ka saya na fetur ne kuma bas ɗinka ma fetur take sha, ja mai daga tankin motar kawai, ka huta. Hayaƙi kuma a huda ƙasan motar a fitar da shi ta can. Na gwada duka biyun da kake tambaya, tankin mota da tanki daban, kuma ɗayan har yanzu in na tuna sai na ce Allah ya tsare.

Shekara ta shida ke nan ina jan mai daga tankin motata. Ranar da na san kuɗina bai tafi a banza ba, wani babban zauren taro muke wankewa, tun safe har yamma injin bai huta ba. Muna dab da gamawa sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ya ƙone. Na leƙa gejin mai, sai na ga allura tsaye cak a kwata. Ashe bututun da ke zuƙo wa injin mai an yanke shi ne bai kai gindin tanki ba, da gangan, don in mai ya sauka kusan kwata injin wanki ya rasa, motar kuwa ta samu na komawa gida. Na naɗe tiyo, na je na sha mai, na dawo na ƙarasa aikin. Da ya kai ƙasa, da a ƙofar mutane zan kwana da mota. Saboda haka in mai haɗa maka ya ce zai zura bututun har ƙasa wai don ka more man duka, ka ce masa a'a.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen haɗin. Mota mai injekta tana tura mai da matsi mai ƙarfi, yawanci tsakanin psi 40 zuwa 60 (psi ma'aunin matsi ne). Ƙaramin inji mai kafireto, irin su Kohler ko Vanguard da ake ɗora wa waɗannan na'urori, psi 2 zuwa 4 ya ishe shi. Wani bakanike don neman sauƙi sai ya yanka layin man motar ya sa mahaɗi mai baki uku ya ja maka daga nan. Abin da zai biyo baya, kafireto ya cika ya tumbatsa, fetur ya gangara cikin baƙin mai, ko ya ɗiga kan inji mai zafi. Dole injin ya samu layinsa daban tun daga tanki, da nasa ƙaramin famfo na lantarki mai sauƙin matsi, da matacin mai kafin famfon, da fiyus. A ɗaure famfon a ƙasa kusa da tanki, domin irin wannan famfon ya fi iya turawa a kan zuƙowa. In ka kai shi sama kusa da inji, ranar da aka yi zafi sai man ya zama tururi a cikin tiyo, injin ya dinga mutuwa kana zargin fulogi. A kuma haɗa wutarsa da makunnin injin wankin, yadda in ka kashe shi famfon ma ya tsaya.

Kafin a taɓa tanki da abin huji, duba littafin motarka. Wasu bas irin su Ford Transit da Mercedes Sprinter sukan zo da wata ƙaramar kafa a saman tanki da aka tanada don irin wannan aiki. In babu, a sauke tankin a yi aikin a tsanake, a toshe da kyau. Motocin zamani suna lura da tururin tanki, in haɗin yana shaƙar iska fitilar gargaɗin inji za ta kunnu ta ƙi mutuwa.

Tanki daban fa? Yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Amfaninsa ɗaya da na yarda da shi, kana sanin ainihin litar da kowane aiki ya ci. Da shi na fara, jarka mai lita 20 ɗaure da igiya a bayan kujera. Nawa injin yana shan kusan lita 4 a awa, ka ga kafin awa biyar ta ƙare, sai ka tsinci kanka kana tsiyaya fetur taku ɗaya daga salansa mai zafi, hannu a jiƙe, mai gida yana jira. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya fice, kwanciya yake a ƙasan motar, daidai inda batir da wayoyin wuta suke. Wata huɗu na yi a haka, kayan aikina duk suna warin mai, na haƙura. Wanda kawai zan ce ya sa tanki daban shi ne mai bas ta dizal da injin fetur, shi ba shi da zaɓi. Ko shi ma tanki na gaske zai sa, a ɗaure da noti, mazubinsa da kafar numfashinsa duk a waje.

To batun hayaƙi, wanda ni na fi jin tsoronsa a kan man ma. Da yawa suna barin salansa ta fuskanci ƙofar gefe, su bar ƙofar a buɗe, shi ke nan. Ni ma haka na yi da farko. Wata rana ina tsakiyar falo sai kaina ya fara sarawa, na ɗauka yunwa ce. Can sai matar gidan ta ce ita ma jiri take ji. Iska ce ta juya tana koro hayaƙin ta ƙofar da na shigo da tiyo, wadda dole a bar ta a ɗan buɗe. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta sa iyakar ppm 50 (kashi 50 cikin miliyan na iska) a aikin awa 8, ƙaramin injin fetur a wurin da iska ba ta zagayawa kuwa cikin ƴan mintuna yake zarce wannan nesa ba kusa ba.

Ta ƙasa ya fi, amma da sharaɗi. Faɗin bututun kada ya gaza na bakin injin, kada kuma a yi masa lanƙwasa barkatai. A yawancin waɗannan injuna hayaƙin ne ke bi ta cikin na'urar ɗumama ruwa, sannan ya haɗu da iskar da injin zuƙar ruwa daga kafet ke fitarwa, duk su fita tare. In ka matse musu hanya, zuƙar za ta ragu, kafet ya daɗe bai bushe ba, injin kuma ya yi ta zafi. A sa ɗan guntun bututu mai lanƙwasuwa tsakanin inji da ramin, saboda girgiza tana tsaga walda. Ramin ya fi bututun faɗi, a kewaye shi da ƙarfe, kada ya taɓa katako ko robar shimfiɗa. A ƙarƙashin motar kuma bakin ya kauce wa tankin mai, layin birki da taya, ya leƙo waje ta gefe. In ya tsaya a tsakiya, hayaƙin taruwa zai yi a ƙasa ya dawo ciki. Kada ka faka kan busasshiyar ciyawa, kada ka kunna a cikin gareji ko da ƙofarsa a wangale take, kuma ka juya motar bakin salansa ya ba wa gida baya. Na'urar gargaɗin kabon monoksaid guda biyu nake yawo da su, ɗaya a mota, ɗaya ina ajiye ta bakin ƙofar da tiyo ya shiga.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kaya. An taɓa sayar mini da tiyon ruwa baƙi a matsayin na mai, cikin wata biyu ya yi laushi kamar cingam ya fara gumi. Tiyon mai na gaskiya da rubutu a jikinsa, ka nemi SAE J30R7 ko J30R9, na biyun ya fi jure fetur mai haɗin itanol. In babu rubutu, ajiye musu abinsu. Haka masu sayar da tsohon inji: sukan canza agogon ƙirga awa, su fesa wa salansa baƙin fenti don ɓoye tsaga. In naka na hannu ne, kunna shi da sanyi ka bi mahaɗan da ido, duk inda ka ga baƙin toka ya taru to nan yake yoyo.

Turo mana sunan bas ɗin da shekarar ƙirarta, sai a duba ko tana da waccan kafar a saman tanki kafin ka sa a sauke shi.