Gini a fili ko haɗa sassa a masana'anta: wanne ya fi kare ran ma'aikaci?

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba dakin, wato rufin kankare, a Gombe ya san yadda lebura ke hawa tsanin katako da kwanon sarki cike da kankare a kansa, ƙafarsa sanye da silifa, ga rodi tsirara a ƙasa, ga ranar watan Afrilu da zafinta kan kai digiri 40. Faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke halaka magina, kuma a wannan tsari kusan kowane aiki sai an hau kafin a yi shi. Haka nan gaggawar mai gida kan sa a cire katakon da ke tallafe da dakin tun bai yi ƙwari ba, alhali kankare na bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya ƙiyasta.

A ɗaya tsarin kuwa, ana ƙera bango, ginshiƙi, har ma da ɗaki sukutum a masana'anta, a ƙasa kuma cikin inuwa, inda ake auna siminti da yashi daidai, sannan a kawo su a harhaɗa. Hawa ya ragu, cunkoson leburori ya ragu.

Sai dai shi ma ba a rasa haɗari a cikinsa ba, domin ɗauko sassa masu nauyi a tirela da sauke su da injin ɗaga kaya a lungun da wayoyin lantarki suka yi ƙasa aiki ne na ƙwararru. Duk da haka, a ganina, ga ajujuwan makaranta da rukunin gidaje masu fasali ɗaya, wannan tsari ya fi kare ma'aikaci nesa ba kusa ba.