Ƙal'ar Salahuddin ta yi, amma ɗan jagora ya ci kuɗinmu a banza

Ni fa ba yawon buɗe ido ya kai ni Masar ba, Hajiyarmu na kai asibiti kan ciwon gwiwa, to da likita ya ce mu dawo bayan kwana uku sai ta ce ta gaji da zaman ɗaki kamar mai takaba. Mai tasin da ke kai mu asibiti ya ce yana da aboki ɗan jagora, zai kai mu Ƙal'a, wato tsohuwar ganuwar sarakunan Masar da ke Alƙahira, har ya nuna mana rijiyar da aka jefa Annabi Yusuf. Ai Hajiya na jin haka ta ce ko da rarrafe ne sai ta je.

Wurin kam babu ƙarya. A kan tudu yake gefen dutsen Muƙaɗɗam, Salahuddin Ayyubi ya fara gina shi a 1176, kuma daga nan aka riƙa mulkin Masar kusan shekara 700. Mu da muka saba da badala ta ƙasa, nan dutse ne sassaƙaƙƙe, sai ka ɗaga kai hula ta kusa faɗuwa. Tikiti kun san yadda ake yi wa baƙi, ban yi ƙorafi ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne mutumin nan. Kuɗinsa ya karɓa cif tun a bakin ƙofa, sannan ya ja mu cikin rana, Hajiya tana dogara sanda tana tsayawa duk bayan taku goma tana cewa "Baba na, saura nisa?" ni kuma ina ce mata an kusa alhali ban sani ba. Can ya tsaya ya nuna mana wata ƙofa a kulle ya ce rijiyar tana ciki, a nan 'yan'uwan Annabi Yusuf suka jefa shi. Ko ruwa ba mu gani ba wallahi. Hajiya ta dafa bango tana hawaye tana addu'a, har ta ce in ɗauke ta hoto ta tura wa 'yan Islamiyyarsu.

Allah Ya sa wani yaro ɗan Katsina da ke karatu a Azhar ya ji Hausa ya zo gaishe mu. Ya durƙusa ya ce "Mama ku yi haƙuri, wannan ba ta Annabi Yusuf ba ce." Ashe shi Salahuddin sunansa na yanka Yusuf, shi ya sa ake ce mata Bi'ir Yusuf. A cikin dutse aka haƙa ta kusan mita 90, hawa biyu, da hanya mai zagaye da ake gangarawa da shanu har tsakiya su juya abin jan ruwa, don ko abokan gaba sun yi musu ƙawanya kar ƙishirwa ta sa su miƙa wuya. Yanzu don Allah wannan labarin bai ishi mutum ya ci abinci da shi ba, sai ya yi ƙarya da sunan Annabi? Da na juya zan yi wa ɗan jagoran magana sai ya kama waya, wai shi bai ce haka ba, Larabcina ne bai nuna ba.

Yaron nan shi ya gyara mana ranar, kuma sisi ya ƙi karɓa. Ya kai mu masallacin Nasir Muhammad na 1318, ya ce sarkin da Mansa Musa ya hau nan ya gana da shi kenan a 1324 kan hanyarsa ta Makka. Ya kuma nuna mana ta wajen Babul Azab inda mai mulkin Masar Muhammad Ali ya gayyaci manyan Mamluk, wato sarakunan yaƙin ƙasar na da, biki a 1811, aka rufe su a siririyar hanya aka buɗe musu wuta daga sama, ɗaruruwa suka mutu. Shi ɗin ne dai mai babban masallacin nan da kowa ke hoto a gabansa, kabarinsa ma yana ciki. Ni bayan na ji wannan sai kyan masallacin ya ɗan rage min, amma Hajiya ta yi nafila ta zauna a kafet ta miƙe ƙafa ta ce nan ne kaɗai ta huta.

Daga bayan masallacin ana hango Alƙahira gaba ɗaya, masallacin Sultan Hasan a ƙasa kamar ka taɓa, dala kuwa ƙura ta hana mu gani sosai. A nan na ce to kuɗina sun fita, tauraro biyar zan ba wurin. Sai da dare gwiwar ta kumbura suntum, na kwana ina ɗora mata ƙanƙara, ranar ganin likita kuma na sha faɗa. Uku zan bayar. Hoton nan kuma ashe ta riga ta tura a WhatsApp kafin yaron ya zo, har yau akwai tsofaffi a unguwarmu da ke zuwa yi mata barka ta ga rijiyar Annabi Yusuf.